Zuwa ga Mutari, Kafin Ramin Haƙorinsa Ya Rufe

Birni, Damagaram
Ranar Talata da hantsi

Ɗana Mutari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da gajiyar hanya. Allah Ya sa ka sauka Dakusa lafiya, Ya tsare ka daga sharrin baƙunta, Ya sa mutanen garin su karɓe ka hannu biyu, Ya sa albarka a aikin koyarwar da ka je farawa. Allah Ya dubi talakawansa Ya kawo mana ƙarshen wannan fari.

Na sa takardar nan a ƙarƙashin ƙullin garin kunu don na san yunwa za ta kai hannunka wurin kafin ka buɗe ko littafi ɗaya. Babu labarin gida a ciki, yau ka bar gidan. Magana ce da na kasa faɗa maka baki da baki, kuma ba na so ka karanta ta a tsaye. Nemi wuri ka zauna.

Ranar Asabar, da ƙanwarka Rabi za ta wanke rigarka, ta zazzage aljihu ta kawo mini takardar likitan haƙori. Kai ka ce mini haƙori ɗaya aka cire maka saboda zaƙi ya ci shi, na ce Allah Ya sawwaƙe. Da alama ka manta uwarka ta yi kwaleji, kuma shekara ashirin ke nan tana buga takardun Faransanci a biro, wato ofis. Na karanta ta sau biyu. An cire matauni ɗaya na ƙasa a hagu. Biyun da ke kusa da shi suna motsi, dasashi ya janye daga gindinsu. A ƙasan takardar likita ya rubuta kada ka sha taba, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Washegari da la'asar na ga hayaƙi yana tashi daga bayan garken awaki, garken da ko akuya ɗaya babu a cikinsa tun bara. Na san ba shara ake ƙonawa ba.

Kana da shekara ashirin da ɗaya, an tura ka garin da babu likitan haƙori, da rami a buɗe a bakinka da haƙora biyu da ba su yanke shawarar zama ko tafiya ba. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san halina, na iya faɗa. Amma a kan taba ba ni da bakin yi wa kowa faɗa sai na fara faɗin abin da ni na yi.

A farin farko, lokacin kana aji uku a lakol, makarantar boko, babanka ya yi ciwon haƙori irin naka. Ka san aikin dukanci, rabinsa da baki ake yi. Da haƙori yake riƙe bakin fata in yana ɗinki, da haƙori yake jan zare ya tsinke shi. Shekarar nan fatu sun yi yawa saboda dabbobi na ta mutuwa, sai dai fatu ne marasa kauri, kuma ba mai kuɗin sayen jaka ko takalmi. Yana zaune a rumfa yini guda ba ciniki, sigari ɗaya na bin ɗaya. Da ciwon ya hana shi zama, muka tafi asibiti tare, don likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, ni ce tafinta.

Da ya cire haƙorin ya cusa auduga, sai ya juyo wurina ya ce in gaya wa mijina abu uku. Ya cije audugar. Kada ya kurkure baki da ƙarfi ranar nan. Kuma kada ya kusanci sigari har sai ramin ya rufe. Ya ma yi mini bayani: jinin da ya daskare a cikin ramin shi ne murfin ciwon, a ƙarƙashinsa sabon nama ke tsirowa. Zuƙar sigari tana tsotse murfin nan ta bar ƙashi a fili, hayaƙin kuma yana matse hanyoyin jini, abin da zai ciyar da wurin ya warke ba ya isowa.

Na ji duka, na gane duka. Babanka ya dube ni da baki cike da auduga, ya ɗaga gira, wato me ya ce? Sai kunya ta kama ni. Ina yarinya, a gaban baƙon namiji, in buɗe baki in ce wa mijina kada ya yi kaza? Na ce, "Ya ce ka cije audugar, kada ka kurkure baki, ka huta." Na haɗiye na ukun. A bakin ƙofar asibiti ya kunna sigari, audugar na gefe ɗaya, sigarin na ɗaya gefen. Ina biye da shi a baya har Birni ina kallon hayaƙin.

A rana ta uku ciwon ya tashi har cikin kunne. Babanka, da ban taɓa jin ya yi raki ba, yana zaune a tsakar gida yana buga ƙeya a bango. Iya, kakarka, Allah Ya jiƙanta, ta fito da ɗan gwangwaninta na garin taba da kanwa.

Ta ce, "Matsa mini, 'yar lakol. Tsutsa ce ta rage a ciki, Nasaranku bai gan ta ba."

Na ce, "Iya, anya kuwa?"

Ta ce, "Anya me? Da wannan na yi wa ubansa magani, kina ina? Riƙe mini kansa."

Na riƙe kansa, Mutari. Da hannuna biyu na riƙe shi ta cusa taba a cikin ramin. Kuncinsa ya kumbura har ido ya shige, bakinsa ya yi warin da ni matarsa sai na kau da kai. Lokacin kuwa abin da ke gidan kowa jar dawar taimako ce, wadda tuwonta ke fitowa da tsaki-tsaki komai tankaɗen da aka yi. Mai lafiyar baki ma da ƙyar yake cin ta. Babanka ya fi wata yana shan ruwan kunu kawai, a shekarar da babu wanda ke da naman jikin da zai yi asara. Abokansa na rumfa suna zuwa dubiya suna tsokanarsa, "Malam, ka riga mu dabara, ka rufe baki tun kafin hatsi ya ƙare." Yana so ya yi dariya, ba hali.

Da muka koma asibiti likitan ya leƙa bakin, ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Madan, kin gaya masa zancen sigari?" Na ce na gaya masa. Ya juya ya zazzaga wa babanka faɗa da harshen da ba ya ji, a kan umarnin da bai taɓa isa kunnensa ba. Sai bayan shekaru na faɗa wa babanka gaskiya. Ya yi dariya ya ce, "Ko kin faɗa ba ji zan yi ba." Wataƙila haka ne. Amma wannan tsakaninsa da kansa ne. Nawa laifin shi ne an ba ni amanar magana na rage ta.

To yau ba zan rage ko kalma ɗaya ba. Kada ka sha taba. Ramin bakinka kwanansa biyar, ka riga ka sha a kansa, ban san ko murfin yana nan ba. Idan yana nan, Allah Ya rufa maka asiri, kada ka sake gwada shi. Ka dafa ruwa ka bar shi ya yi ɗumi, ka sa ɗan gishiri, ka riƙa jiƙa wurin a hankali bayan kowane abinci. Na san ruwa na wuya a can, amma kofi ɗaya ya isa. Ka ci da ɓangaren dama. Idan ka ji ciwo na hawa kunne ko baki ya soma wari, ka nemi izinin darektanku ka hau mota ka dawo wurin likita. A kowane gari akwai tsohuwa mai gwangwani da kyakkyawar niyya. Ka gaishe ta da ladabi, ka ce mata an gode, ka rufe bakinka ka wuce. Kuma ka riƙe wannan har bayan zancen haƙori: idan ka san abu, kunya ba hujjar yin shiru ba ce. Ilimin da ka ɓoye don kada a ce ka yi rashin kunya, ranar da ya kamata ya yi amfani bai yi ba, daidai yake da ba ka je lakol ba.

Yanzu abin da ba ka sani ba, ko ka sani kana yi mini kara. Ni ma na yi taba. Ba ta hayaƙi ba, ta gwangwanin Iya. A cikin farin nan ne. Tukunya ba ta isar mu, in na raba muku sai in ce na ci a madafa. Wata rana na dawo daga layin famfo da tulu, jiri ya ɗebe ni a zaure. Iya ta gane. Ta ɗebo kaɗan ta ce, "Sa a leɓe, ciki zai yi shiru." Cikin kuwa ya yi shiru. Ban ga laifinta ba, abin da take da shi ta ba ni. Laifina shi ne ruwa ya dawo, gero ya dawo kasuwa, ni ban ajiye ba. Shekara shida ina yi a ɓoye. Kafin in shiga biro sai in kurkure baki in tauna kanumfari, in zauna gaban na'ura kamar mutuniyar kirki. Ina yi wa 'yan mata wa'azin tsabta da ƙullin taba a bakin zanena.

Daidai inda nake ajiye ta dasashi ya soma janyewa, haƙoran suka yi tsawo kamar na tsohon jaki, sannan suka soma rawa. Biyu na gaba a ƙasa suka fita, ɗaya a cikin ɗumamen tuwo ma ya fita, abin da ko jariri zai iya ci. Kun tashi kun san ni mace marar dariya. Ƙawayen Rabi in sun ji tafiyata sai su watse. Ina da zafi, ban musa ba. Amma rabin ɗaure fuskar nan giɓi nake rufewa. Akwai ranakun da kuka yi abin dariya a tsakar gida na shige ɗaki na yi tawa ni kaɗai.

Da azumi na bari. Na lura ina iya yini ba ita saboda Allah, na ce to ashe ƙarya nake yi wa kaina da nake cewa ba zan iya ba. Makon farko na yi ta masifa ba dalili, kaina kamar ana daka a ciki. Bayan sallah na nemi gwangwanin na jefa a masai. Haƙoran da suka tafi ba su dawo ba, dasashin da ya janye bai koma inda yake ba. Amma sauran sun tsaya, ga su nan har yau ina tauna ƙuli-ƙuli da su.

Ina gaya maka wannan ne don na san abin da za ka tarar. Za ka shiga aji ka ga yara sun zo da ciki wayam, wasu kujerun ba kowa don iyaye sun kwashe su sun yi kudu. Kai ma ba kullum za ka ƙoshi ba. In an tashi yara da rana, ba aboki, ba inda za ka je, zuciya za ta ce maka karan sigari ɗaya zai kashe yunwa ya kashe kaɗaici. Zai kashe na ɗan lokaci, ni shaida ce. Sai dai fari yana wucewa, taba ba ta wucewa da shi. In abin ya taso maka, ka dama kunu ko da tsararo ne, ka sa asawaki a baki, ka tashi ka je gindin bishiya inda dattawa ke zama ka gaishe su. Na sa maka asawaki ɗauri guda da kanumfari a aljihun jaka na gefe. Kada kuma ka ce za ka musanya sigari da garin taba don ba ya hayaƙi. Bakina ya ishe ka amsa.

Babanka shi bai bari ba sai da aka zo cire masa haƙori na huɗu. A lokacin an kawo likita ɗan ƙasa, ba a bukatar tafinta. Ya duba bakin ya ajiye ƙarfensa ya ce, "Malam, zaɓi biyu ne. Ko ka bar sigari, ko ka riƙa kawo mini su ɗaya bayan ɗaya har mu gama. Ni ba na gajiya."

Babanka ya ce, "Likita, shekara talatin fa."

Ya ce, "To ai ta ci rabonta. Ka bar wa tuwo sauran."

Ya sa shi ya bari tun kafin ranar cirewa, kuma ya bari. Ka tuna lokacin, shi ne watan da ba mai iya yi masa magana a gidan nan, har kyanwa ta koma maƙwabta. Na ga ramuka biyu a bakin mutum ɗaya, Mutari, shi ya sa ba ji nake ba ka labari ba. Na farko ya fi wata yana ruɓa. Wannan kuwa ko kumburin kirki bai yi ba, kafin mako ya zagayo yana cin tuwo, ba a daɗe ba nama ya rufe wurin sumul.

Akwai abin da ya kusa mayar da shi, kai ma zai iya samunka, don haka ka sani tun yanzu. Da ya bari, dasashinsa ya soma jini in ya yi asawaki, abin da ba ya yi da. Ya shigo yana nuna mini asawakin ya ce, "Kin gani? Da ina sha lafiyata ƙalau." Na ja shi muka koma wurin likita. Ya ce ciwon dasashin yana nan tun da, hayaƙi ne ya hana jini zuwa wurin shi ya sa bai nuna ba. Yanzu jini ya dawo, kuma da shi wurin zai warke, a ci gaba da wanke baki a hankali. Haka aka yi, bayan 'yan makonni ya tsaya. Haƙoran da ke ɗan motsi suka daina ƙaruwa da motsi. Warin bakin ya tafi. Wata rana yana cin tuwo ya ɗago ya ce, "Yau kam kin sa daddawa a miyar nan." Na ce, "Malam, miyar da kake ci ke nan tun ranar da aka kawo ni gidan nan. Harshenka ne ya dawo daga tafiya."

Amma ka je rumfarsa ka duba yadda yake aiki yanzu. Da awartaki yake jan zare, ɗinkin da yake gamawa kafin azahar yana kai shi la'asar. Ya bari, ya tsira da abin da ya rage, sai dai ya bari a makare. Kai haƙori ɗaya kawai ka rasa. Biyun nan da ke motsi, a shekarunka, in ka bar taba yau ka kula da su ka koma wurin likita ya wanke gindinsu, akwai kyakkyawan zaton su zauna. In ka ci gaba, ka ga gidan da ka fito. Kuma aikinka da baki ne fiye da na ubanka. Yara sittin za su zuba wa bakinka ido daga safe har rana, daga gare shi za su koyi yadda ake furta kowace kalma, kuma yaro ba ya ɓoye abin da hancinsa ya ji.

Saura abu ɗaya, shi ne wanda na yi ta kewayawa tun farkon takardar nan.

A farin farko alimeti, wato ashana, ya yi wuya, kwali ɗaya nake lallaɓawa don hura wuta, na hana babanka taɓa shi. In yana zaure yana son sigari sai ya ƙwala kira, ni kuma in ce, "Mutari, karɓo ka kunno masa a murhu." Daga madafa zuwa zaure akwai 'yar tafiya, kafin ka kai ya mutu. Ka dawo sau ɗaya, ka dawo sau biyu, ina fama da tukunya da hayaƙin itace a ido. Sai na daka maka tsawa na ce, "Kai wane irin sakarai ne? Ka ɗan ja shi mana a hanya kada ya mutu!" Ka sa a baki ka ja. Ka yi tari har da hawaye. Iya tana kan tabarma tana dariya tana cewa, "Kai, mijin nawa ya girma!" Ni ma na yi murmushi na koma kan tukunyata. Shekararka tara. Daga ranar sigari bai sake mutuwa a hannunka ba, kullum sau uku, sau huɗu, har aka daina jin tarin.

Da kana shekara goma sha biyar na ji warin taba a rigarka, na ɗauki muciya na yi maka dukan da har maƙwabta suka shigo. Ina dukanka ina tambaya, "Wa ya koya maka? Faɗa mini ɗan wace ce!" Ka dube ni, ba ka ce komai ba. Na daɗe ina gaya wa kaina taurin kai ne ya hana ka magana. Na san ba shi ba ne. Ka san amsar, ni ma na san ta, ka rufa mini asiri a gaban mutane.

Ka yafe mini, Mutari. Ban taɓa faɗa wa ɗan da na haifa wannan kalma ba, kuma ba don ka ji tausayina ka sassauta wa kanka na faɗe ta ba. Ni na sa maka taba a baki, amma ba ni da hannun da zai cire ta, sai naka. A Dakusa kai ne mushe, malamin makaranta, duk yaron da ka kalla zai taso da gudu ya karɓi aike. Kada ka aiki ɗan kowa sayen taba, kada ka aike shi kunno ta, kada ya gan ta a hannunka. Iyayensu sun ba ka su a shekarar da ba su da abin ba su sai kai.

Ba na son ka rubuto mini alkawari. Na yi shekara shida ina tauna kanumfari, na san yadda ake yi wa mutane ƙarya da baki mai ƙamshi. In Allah Ya kai mu hutu ka dawo, bayan ka gaida babanka ka sha ruwa, zan kira ka tsakar gida da rana tsaka, in sa ka buɗe baki in duba, kamar yadda ake duba rago a kasuwa. Zan ga ko ramin ya rufe, zan ga launin dasashin, zan sa yatsa in taɓa biyun nan. Ko kana mushe, ko Rabi na dariya, sai na duba. In na same su a tsaye, a nan tsakar gidan zan yi dariya da bakina a buɗe, kowa ya ga giɓin, ban damu ba.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya rufe ciwonka da gaggawa, Ya ba ka ƙarfin zuciya a kan abin da ya fi ƙarfin uwarka shekara shida. Allah Ya tsare ka a zaune da tafe, Ya kare ka daga mugun aboki da muguwar shawara, Ya shayar da Dakusa da Damagaram da ƙasa baki ɗaya, Ya dawo mini da kai lafiya. Babanka yana sa maka albarka. Ni ma na sa.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Inna